Keken Mahaifina Da Wahalar Neman Mai Gyara A Birnin Kano

Mai karatu, yau ba labarin soyayya na zo maka da shi ba, ba kuma rikicin kishiyoyi irin wanda muka saba cika littattafanmu da shi ba. Labarin wani tsohon keke ne, da kwana uku da na yi ina jan sa a titunan Kano ina neman wanda zai gyara mini shi. Na san wani zai ce, to mene ne abin rubutu a cikin gyaran keke? Ni ma da haka na ɗauka. Sai da abin ya same ni, na zauna na yi tunani, na tambayi manya, na ɗan yi karance-karance, sannan na gane cewa wahalar da na sha ba daga sama ta faɗo ba, tana da tarihinta.

Mafarin zance

Ni haifaffen Birnin Kudu ne, mahaifiyata kuma mutuniyar Gwaram ce, amma neman abinci ya zaunar da ni a Kano shekara da shekaru, a wajajen Hotoro. Kusan kullum sai na shiga gari, ko dai wajen masu ɗab'i ko wajen masu sayar da littattafai na Sabon Gari. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, a 2024 ma sai da ta wuce naira 1,000. Kuɗin adaidaita ya bi sahu. Ga shi kuwa kasuwar littafi ta daɗe da ja da baya, tunda masu karatunmu sun koma karantawa a waya. Na yi lissafi na ga abin da nake kashewa a hanya ya kusa cinye abin da nake fita nema.

A nan ne na tuna da keken mahaifina, Allah ya jiƙansa. Raleigh ne baƙi, wanda mutanenmu ke kira Rali, ya saye shi a 1969 da kuɗin gyaɗa. Tun rasuwarsa yake jingine a wani ɗakin shirgi a gidanmu na Birnin Kudu. Na je na kakkaɓe shi, aka sa masa sababbin tayoyi, na ɗoro shi a mota zuwa Kano. Wata huɗu ina hawa ba abin da ya yi mini. Ran nan cikin hunturu, na sauko daga gadar Hotoro ke nan, sai na ji ƙas-ƙas a ƙarƙashin ƙafata, feda ta fara rawa kamar haƙorin tsohuwa. A gindin keke, wurin da ƙarfen feda yake juyawa, akwai wani ɗan kofin ƙarfe da boris suke kwanciya a ciki, to shi ne ya tsage.

Ban damu ba. Na ce a raina ai Kano ce, garin da ake cewa ko da me ka zo an fi ka. Na tura shi wajen wani mai faci da na hango. Yaron ko tashi bai yi ba, ya ce, “Alhaji, mu nan ba ma taɓa keke. In iska ce dai sai a ba ka.” Ko iskar ma da na ce ya ƙara mini, bakin injinsa bai dace da bawul ɗin keken ba.

Kafin in gaya maka yadda ta kaya, bari mu ɗan koma baya tukuna, mu ga yadda aka yi mai gyaran keke ya samu a ƙasar nan, domin sai an san yadda ya zo za a gane yadda ya ɓace.

Zuwan dokin ƙarfe

Keke irin wanda muka sani, mai ƙafa biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ƙafar baya, a birnin Coventry na ƙasar Ingila aka fito da shi a 1885, aikin wani mutum mai suna John Kemp Starley. Tayoyinsa na farko daskararriyar roba ce, ba iska a ciki. Sai a 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska don ya rage masa jijjiga. To tun daga ranar da aka hura wa keke iska aka haifi mai faci. A waɗannan shekarun ne kuma kamfanin Raleigh ya kafu a birnin Nottingham.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Jirgin da yake kwashe gyaɗa zuwa Ikko shi ne yake dawowa da gishiri da yadi da kwanuka da keken ɗinki da keken hawa, a zuba a kantunan kamfanonin Turawa irin su John Holt da UAC. Waɗanda aka fara gani a kan keke su ne Turawan mulki da 'yan mishan da akawuna 'yan Kudu mazauna Sabon Gari. Shi ya sa masana harshe ke cewa ita kanta kalmar keke daga Yarabanci muka aro ta. Tsofaffi kuwa suna da wani sunan, basukur, wanda ya fito daga Turanci, sannan ga kirarin da Bahaushe ya yi masa, wato dokin ƙarfe. Wannan kirari ba a banza aka yi shi ba, domin kafin zuwan keke, doki na sarauta ne da masu hali, talaka sai jaki ko ƙafa. Keke shi ne dokin farko da talaka ya mallaka ba tare da ya nemi ingirici da dusa ba.

A wancan zamani Birnin Kudu da Gwaram duk ƙasar Kano ce, a ƙarƙashin En'e ta Kano, don ba a ƙirƙiri jihar Jigawa ba sai a 1991. Ta hannun ma'aikatan En'e keke ya fara shiga garuruwanmu: malamin makaranta, malamin gona, duba-gari, malamin asibiti, masinjan hakimi. Daga nan manoma suka bi. Mahaifina ya sha gaya mana cewa a zamaninsu idan kaka ta yi kyau aka auna gyaɗa, saurayi abu biyu yake sa wa a gaba, aure da keke, wani ma keken yake fara saye, don ya san da shi auren zai fi saurin samuwa. Akwai Raleigh, akwai Hercules, akwai Humber da Rudge da Phillips, kuma daga baya duk waɗannan sunaye sun koma ƙarƙashin inuwa guda a can Ingila. Har wani hoton talla Raleigh suka yi wanda ya zaga ƙasashen Afirka, na wani mutum a kan keke yana dariya zaki ya biyo shi ya kasa cim masa.

Hukuma ma ba ta bar keke haka nan ba. En'e tana yanka masa lasin, a ba ka 'yar lambar ƙarfe ka ɗaura, idan ɗan doka ya tare ka ba ka da ita ka shiga uku. Abin mamaki, har yau wannan magana tana nan a rubuce, domin tsarin mulkin 1999 ya lissafa bayar da lasin keke da amalanke da kwalekwale cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

Mai gyara a gindin bishiya

Abin da ya sa keken wancan zamani ya karɓu a karkara shi ne ba shi da wani ɓoyayyen asiri. Ƙafafunsa inci 28 ne, giyarsa ɗaya, birkinsa na sandar ƙarfe ne ba na waya ba, ga sirdin fata, ga kariya mai ɗaukar buhu. Komai nasa da sifana da filaya da guduma ake kwance shi a mayar. Don haka duk inda keke ya je, mai gyara yana biye da shi.

Na tashi na tarar da su a bakin kasuwar Birnin Kudu da bakin tasha, kowa da bishiyarsa. Jarin mai gyara bai wuce akwatin katako guda ba: famfo, kwanon ruwa na neman huji, sholisho, tsohon tiyub da ake yankan faci daga jikinsa, gwangwanin giris, gwangwanin boris, da wani gwangwanin da ake tara duk wani noti ko ɗan ƙarfe da aka cire daga mataccen keke. Ba a zubar da komai. Kuma sana'a ce mai matakai kamar karatun allo. Yaro yana farawa da buga famfo, ya koma faci, ya koma ɗaure birki da haɗa sarƙa. Saukarsa ita ce ranar da ya iya ɗaure ƙafa, wato ya jera wayoyin nan, 32 a ƙafar gaba, 40 a ta baya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa har ƙafar ta juya ba ta karkata ko'ina ba.

Gindin bishiyar mai gyara majalisa ce. A nan ake jin farashin dawa a kasuwar Sara, a nan ake jin wanda ya rasu a Gwaram. Yawancinsu kuma suna ba da hayar keke, kuma a nan mu yaran lokacin muka koyi hawa, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya don ba mu kai sirdi ba. Tabon da ke gwiwata ta hagu shaida ne. A kan wannan Rali na mahaifina aka goyo mata masu naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin Birnin Kudu, a kansa aka kai gero niƙa, a kansa aka kai ni makaranta ranar farko.

Kada mai karatu ya raina wannan sana'a. A shekarar da Turawa suka ci Kano, 1903, wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka tashi jirgin sama mai inji na farko, kuma sana'arsu ita ce gyara da ƙera kekuna. Soichiro Honda, mai kamfanin Honda na Japan, ɗan maƙeri ne mai gyaran keke, kuma da ɗaura wa kekuna ƙaramin inji ya fara bayan yaƙin duniya na biyu. A ƙasarmu ma, ka tambayi tsofaffin makanikan babur, da yawansu za su ce maka a gindin mai keke suka fara riƙe sifana.

Yadda birni ya juya wa keke baya

A shekarun 1970 kasuwar keke ta kai ƙololuwa a Nijeriya, har kamfanin Raleigh yana da masana'antar haɗa kekuna a Bompai cikin Kano. Amma a cikin waɗannan shekarun ne kuma aka fara haƙa masa kabari. Fari ya zo a 1973, cuta ta faɗa wa gyaɗa a 1975, dalar gyaɗa ta zama tarihi. Kuɗin da manomi yake sayen keke da su suka ƙafe, a daidai lokacin da kuɗin fetur suka malalo wa birni. Kwamitin Udoji ya ba da rahotonsa a 1974, aka ƙara albashi, aka biya ariyas. Malamin makaranta da akawu suka jingine keke suka hau Vespa da Honda da Yamaha. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Cikin shekaru kaɗan keken da ake yi wa ado da madubai da fitilu ya koma alamar wanda bai samu ba.

A nan dole in faɗi laifinmu mu marubuta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ɗauko littattafanmu na shekarun 1990 zuwa 2000 ka duba. Saurayin da zai auri tauraruwar labari a Marsandi yake zuwa zance. Idan ka ga mun ɗora mutum a kan keke, to ko dai abin dariya ne, ko kuma shi ne matalaucin da uwar yarinya za ta kora. Ni da kaina na rubuta irin wannan fiye da sau ɗaya, alhali da keke aka ciyar da ni.

Sai kuma 1986, gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma yau ba a haɗa Raleigh a Kano. Gurbinsa sai Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cike. Su waɗannan da sauƙi, don siffar tsohon keken Ingila gare su, mai gyara bai sha wahalar gane su ba. Abin da ya karya sana'ar a birni shi ne acaɓa. Matsin da ya hana mutane sayen mota shi ya sa babur ya zama motar haya, musamman da baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka cika gari. Mai gyaran keke ya duba ya ga babur ɗaya yana kawo abin da keke biyar ba su kawo ba, sai ya canza layi, yaransa ma suka bi shi.

A 2001 ministan sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawa keke, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja. Da wata bas ta ture shi ya faɗa kwata, sai maganar ta zama abin barkwanci. A Kano kuwa gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo baburan A Daidaita Sahu a 2005, sannan a Janairun 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Makanikan acaɓa suka sake yin ƙaura, wannan karon zuwa adaidaita. Kowace ƙaura tana ƙara nisanta su da keke.

Akwai wasu dalilan guda uku da ba a cika lura da su ba. Na farko, faɗaɗa tituna da gina gadoji ya tafi da bishiyoyi da 'yan rumfunan bakin hanya, shi kuwa kuɗin faci ba ya biyan hayar shago. Na biyu, kekunan da suka cika birni yanzu 'yan Kwatano ne, wato kwancen Turai da Amurka da Japan, kowanne da girman ƙafarsa, da irin giyarsa, da irin birkinsa, da irin makullin da ke kwance shi. Akwatin katako guda ba ya ɗaukar kayan gyaransu. Na uku, 'yan gwangwan. Da can mataccen keke shi yake raya 'yan'uwansa, yanzu kuwa a kilo ake auna shi a kai shi a narke.

Kwana uku ina jan keke

To mu dawo kan labarina. Daga wajen mai facin nan aka kwatanta mini wani makanike a gaba. Na same shi a ƙarƙashin adaidaita, dattijo ne mai furfura. Da ya fito ya ga keken sai ya yi murmushi, ya shafa sirdin, ya ce, “Malam, ka tuna mini da ƙuruciya. Da irin wannan na fara, amma rabona da shi tun zamanin Abacha.” Na ce to ya taimaka. Ya ce, “Ba ƙi na yi ba. In na zauna kwance wannan, awa biyu zan yi, kuma ba ni da kayansa. Nawa za ka ba ni? A awa biyun nan na sallami adaidaita uku, ga iyali suna jira.” Ban ga laifinsa ba. Ranar haka na turo keken har gida, yara suna bi na da kallo.

Kashegari na cire abin da ya tsage na nufi Sabon Gari wajen masu kayan keke. Kaya kam ga su nan, tayoyi da sarƙoƙi da kekunan yara kala-kala. Na samu kofi sabo fil mai kama da nawa, na saya. Daga nan aka haɗa ni da wani matashi mai gyaran kekunan yara a wata unguwa, na sa aka kawo keken a adaidaita, wanda kuɗin ɗaukarsa kaɗai ya fi kuɗin kofin. Yaron ya murɗa, ya shiga zagaye biyu ya cije. Ya sake, ya cije. Sai na ga ya ɗauko guduma. Na ce, “Tsaya, me za ka yi?” Ya ce, “Oga, dole sai an tilasta shi. In ya ƙi, mu kai wa mai walda ya like shi gaba ɗaya, ka huta.” Na ce idan boris suka cinye nan gaba fa, ta ina za a buɗe? Ya ce, “Ai kafin nan ka sayi wani.” Wannan amsa ita ce bambancin zamaninsa da na mahaifina. Na biya shi ladan wahalarsa na karɓi kayana.

A rana ta uku na tafi Ƙofar Ruwa, ko zan dace da mataccen Rali in cire a jikinsa. Na sha yawo cikin tarin ƙarafa har la'asar. Wani bawan Allah ya ce mini da na zo shekara goma da suka wuce da na zaɓa na darje, amma yanzu irin wannan ƙarfe mai nauyi ba ya kwana. Na koma gida na jingine keken, na ci gaba da biyan kuɗin adaidaita ina jin zafi.

Da tsohuwar zuma ake magani

Bayan mako biyu wani sha'anin biki ya kai ni gida. Na ce bari in gwada, na ɗora keken a saman bas daga Unguwa Uku, muka bi ta Wudil da Kwanar Huguma har Birnin Kudu. Mai gyaran da na sani tun ina yaro ashe ya rasu, ɗansa kuma cajin waya yake yi a wurin. Kawuna ne ya ce in bari sai ranar kasuwar Sara, can ƙasar Gwaram, akwai wani tsoho da ba ya fashi.

Wanda bai ga bakin kasuwar ƙauye ba zai ɗauka keke ya mutu. Ga su nan jingine birjik, wani da buhun masara, wani da jarkoki, wani da kaji a kwando. A karkara ba a taɓa sakin keke ba, don haka mai gyara bai rasa abin yi ba. Na sami tsohon a gindin darbejiya, ya kai shekara 70, da tabarau ɗaure da zare. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, ga mara lafiya na kawo, an gagara a Kano.” Ya kifa keken, ya zura ɗan yatsa a ramin, ya shafa, ya karɓi sabon kofin da na saya ya shafa shi ma. Ya ce, “Ɗana, wannan ɗan Ingila ne na asali. Haƙorinsa daban ne, ya fi na sauran ƙanƙanta. Allah ya taimake ka ba a buga masa wannan ba, da an kashe shi.”

Ya jawo wani tsohon gwangwanin madara ya zazzage a kan buhu, ya tona, ya tona, ya ɗauko wani kofi da ya yi baƙi. Ya wanke shi da kalanzir, ya shafa giris, ya jera boris, ya murɗa da yatsu kawai, sai ga shi yana shiga kamar an kira shi. Kafin a kira azahar ya gama, har ya ɗaure mini wayoyi uku da suka saki a ƙafar baya ba tare da na roƙa ba.

Daga baya na karanta cewa kamfanin Raleigh na Nottingham yana yanka haƙoran wannan wuri 26 a kowane inci, alhali sauran masu ƙera keke na Ingila 24 suke yi. Baba bai san waɗannan alƙaluma ba, bai taɓa shiga aji ba, amma ɗan yatsansa ya san bambancin haƙori biyu a cikin inci guda. Abin da ya caje ni bai kai kuɗin adaidaitar da na biya a rana ta biyu ba. Na ƙara masa, ya yi ta sa albarka har na ji kunya.

Da na ga ba yaro ko ɗaya a gefensa, na ce, “Baba, ina masu taya ka?” Ya ce 'ya'yansa da jikokinsa duk sun tafi birni, wasu acaɓa, wasu gadi. Na ce to wa zai gaji wannan gwangwani? Ya yi dariya, ya ce, “'Yan gwangwan mana.”

Kammalawa

Mai karatu, wannan dariya ta Baba ita ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da fetur ya yi tsada, duk mai bin titunan Kano da safe ya ga yadda masu keke suka ƙaru: leburori, 'yan makaranta, malamai, har da masu ɗamara. Talauci ya dawo da mu inda muka baro. To amma mun dawo mun tarar bishiyar an sare, mai gyaran ya tashi, gwangwanin an narkar. Keken da ba shi da mai gyara kuwa na 'yan watanni ne, kuma talakan da ya tara kuɗi da ƙyar ya saya shi ne zai yi asara.

Wani abin lura shi ne, tashin farashin mai na 1973 da ya sa mu muka jingine keke, shi ne ya sa mutanen Holan suka ƙara rungumarsa. A ƙarshen shekarar sai da gwamnatinsu ta hana hawa mota ranar Lahadi, daga baya biranensu suka yi ta shimfiɗa wa keke hanyarsa daban, kuma yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa. Ba wanda yake ce musu matalauta.

Ba wani babban abu nake roƙo ba. Ƙananan hukumomin da doka ta ba su ikon karɓar kuɗin lasin keke, su fara ba mai gyara inuwar da zai zauna a bakin kasuwa da tasha ba tare da an tashe shi ba. Masu shirya koyar da sana'o'i ga matasa su sa gyaran keke a ciki, na da da na yanzu, kuma su nemo irin su Baba su koyar tun suna da rai. Masu gina tituna su tuna cewa ba kowa ke da inji ba. Mu kuma marubuta mu gyara alƙalaminmu. A littafin da nake rubutawa yanzu, a keke saurayin yake zuwa zance, kuma shi zai auri yarinyar.

Keken mahaifina yana nan ina hawa, shekararsa ta haura 50. Duk sanda na je gida nakan biya ta Sara in gaida Baba, in sayi 'yan ƙarafa daga gwangwaninsa in ajiye, shi kuma yana nuna mini yadda ake ɗaure ƙafa. Har yanzu tawa tana karkata. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin.